Daga Tiga zuwa falo: Yadda ake raya kifi da tsirrai a akwatin gilashi ko babu wuta

Duk wanda ya tashi a yankin Rano da Kibiya ya san wannan wasa. Da damina ta yi nisa, kududdufai suka cika, sai yara su tafi da tsohon gidan sauro ko rariya su kamo 'yan ƙananan kifaye, su zuba a kwalba ko robar lemo, su kawo gida suna murna. A watsa musu tsaki ko ɓarɓashin biredi. Kwana biyu ko uku, ruwan ya yi fari ya fara wari, a wayi gari kifayen sun juya ciki sama.

Yanzu wasan ya koma hannun manya. Bidiyoyin akwatin gilashi mai kifi da korayen tsirrai, wanda ake kira akwariyam, sun cika TikTok da Facebook, kuma sha'awar ta shiga zukatan matasa da amare masu son ƙawata falo. Sai dai wanda ya saya bai nemi sani ba, ƙarshensa irin na yaron kwalba ne, bambancin kawai shi ne wannan karon kuɗi ne suka tafi.

Akwai hanyar da ta dace da garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wato ƙaramin akwati mai tsirrai da yawa, kifi kaɗan, da haske mara ƙarfi.

Yankin da ruwa ya zagaye

Mutanen Rano ba baƙin kifi ba ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an gina ta ne don riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ruwa ke bi ta Ruwan Kanya ya shiga magudanan noman rani na Bunkure da Kura da Garun Malam. Masunta na fito da karfasa da tarwaɗa da kurungu, kuma a gefen ruwan akwai bado da kainuwa da kacala.

Amma sanin kifin miya daban, sanin kifin ado daban. A dam, yawan ruwa da ɗimbin tsirrai ne ke shanye ƙazantar kifi. A gilashi kuwa, ruwan kaɗan ne, kuma kifin yana numfashi ne a cikin ruwan da yake kashi.

Me ke kashe kifin?

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe suna fitar da sinadarin amoniya, wanda ko kaɗan ne yana ƙona hanyar numfashin kifi. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da ganye, su ne ke mayar da amoniya zuwa sinadarin naitirayit, shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta farkon ba. Tsirrai kuma suna shan amoniya da naitiret a matsayin taki.

Matsalar ita ce sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Wanda ya zuba ruwa da safe ya sa kifi goma da yamma, ya sa su ne a gidan da ba a haƙa masa masai ba.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa da dodon koɗi za su iya rayuwa tare a mazubi ɗaya, tsiro yana ba kifi iskar shaƙa, kifi yana ba tsiro taki. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko. A 1999 kuma wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafin da ya yaɗa salon shimfiɗa ƙasar noma a ƙarƙashin yashi, a cika akwati da tsirrai, a bar su su yi yawancin aikin da injin tace ruwa ke yi. Wannan salo shi ya fi dacewa da gidan da ba ya dogara da wuta.

Tsirran da ba sa son rana

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin tsirran da suka fi shahara a duniya wajen jure ƙarancin haske ɗan Afirka ta Yamma ne. Sunansa Anubias, kuma yana fitowa a bakin rafuka masu inuwa a kudancin Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu. Ganyensa kauri ne da shi, girmansa a hankali, kuma ba a binne sandar jikinsa a ƙasa, domin ruɓewa take yi. Ana ɗaure shi ne da zare a jikin dutse ko icce har saiwarsa ta kama.

Haka ake yi wa Bolbitis, wani tsiro mai ganye tsaga-tsaga na rafukan Afirka, da kuma Java fern da Java moss da suka fito daga kudu maso gabashin Asiya. Shi kuwa Cryptocoryne a ƙasa ake dasa shi. Yakan zubar da ganye idan aka sauya masa wuri, amma in aka ƙyale saiwar zai sake tohowa.

A gida kuma akwai kainuwa dashen Allah. Tana yawo a saman ruwa, saiwoyinta na zuƙe ƙazanta da sauri, ƙananan kifi na ɓuya a cikinsu. Sai dai ta fi sauran son haske, kuma tana saurin yaɗuwa, don haka ana rage ta duk mako kada ta rufe fuskar ruwan. Bado ma, wanda yara ke cin 'ya'yansa, wani nau'insa mai jan ganye ana sayar da shi a shagunan kifin ado a Turai da Amurka.

Hasken da ake buƙata bai wuce na ƙwan LED ɗaya mai farin haske ba, awa shida zuwa takwas a rana, abin da ƙaramin batirin sola zai ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye akwati inda rana ke bugunsa. Ruwan zai yi zafi, gansakuka ta rufe gilashi da ganye cikin 'yan kwanaki. Kusa da taga mai haske amma babu bugun rana ya wadatar.

Wane kifi ya dace?

Karfasa da tarwaɗa ba su dace ba, ko da an kamo su ƙanana. Karfasa tana tona ƙasa tana cin tsiro. Tarwaɗa kuwa masu kiwo sun san cikin 'yan watanni take kai kilo guda, kuma duk abin da ya shiga bakinta ta haɗiye. Jan kifin nan na zinariya da ake gani a hotuna shi ma yana girma, kashinsa da yawa, kuma yana cinye ganye.

Wanda ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne gofi, ɗan ƙaramin kifi mai launuka wanda asalinsa daga Tirinidad da Benezuwela ne. Yana haifar 'ya'ya da rai, yana jure sauyin yanayi, kuma yana cin tsutsar sauro, abin da ya sa aka kai shi ƙasashe da dama don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma beta, ɗan ƙasar Tailan, wanda ke iya leƙowa ya shaƙi iska daga sama, don haka rashin injin hura iska ba ya damunsa sosai. Amma ba a haɗa maza biyu wuri guda, sai ɗaya ya illata ɗaya.

Najeriya ma tana da nata. Kifin da ake kira gardneri, mai ɗigon ja a jiki mai shuɗi, ɗan rafukan Najeriya da Kamaru ne. Kiribensis, mai jan ciki, daga kudancin ƙasar nan ya fito ya shiga gidaje a faɗin duniya. Daga Legas ake fitar da irin waɗannan kifaye zuwa waje, inda ake ji da su fiye da yadda ake yi a gida. Gardneri gwanin tsalle ne, dole a rufe masa akwati.

Yadda ake haɗawa

Masu yankan gilashin taga za su iya haɗa akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, da gilashi mai kaurin milimita biyar ko shida. Wannan yana cin lita 54. A tabbatar gam ɗin silikon da za a yi amfani da shi ba mai maganin fumfuna ba ne, domin irin wannan yana kashe kifi. A tuna kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka in aka haɗa da yashi da duwatsu nauyin zai haura kilo 60. Teburi mai ƙarfi ake so, a wurin da yara ba za su jawo shi ba.

A ƙasa a shimfiɗa ƙasar lambu wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, kaurin santimita biyu zuwa uku, a rufe ta da wankakken yashi mai tsakuwa-tsakuwa kamar haka. A dasa tsirrai da yawa tun ranar farko, a zuba ruwa a hankali a kan faranti don kada ƙasar ta tashi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana yi. In na famfo ne mai sinadarin kulorin, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti.

Daga nan sai haƙuri. A bar akwatin wata guda babu kifi, sannan a sa uku ko huɗu, a ƙara wasu bayan makonni. Akwati mai wannan girma da babu inji, ƙananan kifi shida zuwa takwas sun ishe shi. Abinci sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo, kuma sabulu ko omo kada su kusanci akwatin.

Bazara da hunturu

Yawancin waɗannan kifaye sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai 40, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Idan aka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki, alamar ke nan. Sai a buɗe murfin a sa raga, a rage abinci, a kunna 'yar fankar caji tana kaɗa saman ruwan. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, a nisantar da akwatin daga taga, a lulluɓe shi da bargo da dare. Murfi yana kuma tare ƙura.

A kiyaye da maganin sauro na feshi. Irin da ake fesawa a ɗaki guba ne mai ƙarfi ga kifi, don haka a rufe akwatin ruf kafin a fesa, ko a ajiye shi a ɗakin da ba a feshi.

Haɗarin da ke cikin magudana

Akwai abin da ya fi asarar kifi muhimmanci. Tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, sananniya ce a yankunan dam da noman rani. Tsutsar cutar tana girma ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mutum ta shiga. Waɗannan dodon koɗi a jikin tsirran ruwa suke maƙalewa. Wanda ya tsoma ƙafa a magudana don ɗebo kainuwa, ko ya aiki yaro, ya shiga haɗari, kuma zai iya kawo dodon koɗin har falonsa.

Saboda haka a ɗebo tsiro da sanda ko raga daga bakin ruwa, a sa safar hannu ta roba, a tsince duk dodon koɗin da aka gani, a wanke tsiron sosai, a ajiye shi a bokiti daban na mako biyu zuwa uku ana dubawa. Bokitin a rufe shi da raga saboda sauro. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya je asibiti, akwai maganin cutar mai suna Praziquantel.

Haka kuma abin da ya shiga akwati kada ya koma ruwan gari. Tsiron nan mai shuɗin fure ɗan Kudancin Amurka, wanda aka yaɗa a duniya don ado, tun shekarun 1980 yake toshe hanyoyin ruwa a Legas, ya kuma addabi tafkin Kainji. Manoma da masunta na Hadeja da Nguru kuma sun san abin da kacala ta yi wa magudanansu. Tsiron da aka rage a shanya shi a rana ya bushe. Kifin da aka gaji da shi a ba wani mai sha'awa, kada a kai shi Tiga ko Ruwan Kanya, inda dubban magidanta ke samun abin kai wa bakin salati.