Tsuntsaye 'Yan Cin Rani A Bayan Gidajenmu

A zangon da ya wuce aka tura ni koyarwa ta gwaji a wata makaranta a Sabo, nan Mokola cikin Ibadan. Ran nan na nuna wa 'yan aji huɗu hoton wani ɗan tsuntsu cikin littafin Turanci, ya cusa dogon bakinsa cikin fure. Kashegari sai ga wani yaro da murna, ya buɗe hannu, ya ce, "Malam, ga tsuntsun littafi na kawo maka." Ashe da danƙo ya harbo shi a bayan gidansu. Na yi shiru, don laifin nawa ne. Na koya musu tsuntsun wata ƙasa, ban koya musu yadda za su dubi na ƙofar gidansu ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koya tun daga ran nan.

Tsuntsun littafin nan Turawa na ce masa hummingbird, saboda ƙarar fukafukansa kamar ta ƙudan zuma. Ba a samunsa ko'ina sai a nahiyar Amurka. Irinsa ya fi 300, ƙaraminsu duka yana tsibirin Kuba, nauyinsa kamar giram 2 ne. Ya kan tsaya cak a iska ya sha ruwan fure, har ya kan tashi da baya. In sanyi ya shigo, waɗansunsu su kan gangara kudu, akwai ma mai tsallake tekun Meziko, wajen mil 500, ba sauka. Mutanen can su kan rataya ruwan sukari a lambunsu don su ga wane iri ne zai kwana musu hunturu.

Wanda yaron ya kawo kuwa namu ne, sha-kauci. Kama ce kawai, ba danginsu ɗaya ba. Bakinsa siriri ne, ya ɗan lanƙwasa ƙasa, kuma galibi sauka ya ke yi kan reshe kana ya sha, ba ya daɗewa tsaye a iska. Namijin ne mai ado, kore ko shuɗi ko ruwan tagulla mai walƙiya, wani irin kuma cikinsa rawaya ne. Macen ba ta da ado, toka-toka ce ko kore-kore. Ana ganinsu a furen gwanda, da na ayaba, da kaucin da ke bisa itatuwa. Su ba baƙi ba ne, rani da damina suna nan.

To, mu ma muna da baƙin hunturu, kuma kashi biyu ne. Kashi na farko 'yan cin rani ne daga Arewa, kamar yadda mutanenmu ke zuwa Sabo bayan an kau da amfanin gona. Shirwa ta kan iso Ibadan wajen watan Oktoba, in ruwa ya sauka ta koma gida. Balbela ita ma da rani ta fi yawa a nan.

Kashi na biyu daga Turai su ke zuwa, su tsallake bahar Rum da hamadar Sahara, wadda faɗinta ya fi mil 1,000. Su kan iso a Satumba da Oktoba, su juya a Maris da Afrilu. Biyu daga cikinsu ba su da wuyar ganewa. Ɗaya mai rawayan ciki ne da doguwar wutsiya, a ƙasa ya ke tafiya yana kaɗa ta sama da ƙasa, ya kan bi shanu ko ya sauka a filin wasa. An sa wa irinsa zobe a ƙafa nan Nijeriya, aka same su a Turai. Na biyu toka-toka ne, ya kan zauna miƙe kan reshe ko waya, ya zabura ya cafke ƙuda, sa'an nan ya komo wurin zamansa.

Yadda na ke yi shi ne, in an idar da sallar asuba gari ya waye, sai in zauna gindin gwanda da littafi da fensir, rana tana bayana, ba motsi. Abu huɗu na ke rubutawa. Na ɗaya girma: ya kai gwara, ko ya kai kurciya? Na biyu baki: siriri ne irin na mai shan fure da cin ƙwari, ko gajere mai kauri irin na mai cin hatsi? Na uku launin kai, da ciki, da wutsiya. Na huɗu hali, watau inda ya sauka da abin da ya ke yi. Kana in sa kwanan wata, don da shi a ke rarrabe baƙo da ɗan gari. Wanda gidansu ba itace, lambun Agodi ba nisa.

Kada wani ya raina wannan aiki. J. H. Elgood, malami a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, shi ya fara bayyana wa masana wani tsuntsu baƙi da ja mai saƙa sheƙa a 1958. Aka sa masa sunan Ibadan, kuma ba a samunsa sai a kudu maso yammacin Nijeriya.

Yaron nan, kafin in bar makarantar, shi ke riƙe da littafin tsuntsaye na ajin, ya rubuta iri 14. Danƙon kuwa yana cikin akwatina. 'Yan'uwa, in mun fita koyarwa mu fara da abin da yaro ke iya gani da idonsa, kana mu buɗe littafi. Allah ya sa mu dace, amin.