Ruwan Da Ke Ɓuya A Jikin Jirgi

Duk ɗan kasuwar da zai sayi kwancen jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Turai ko Amurka, bai kamata sheƙin fenti ya ruɗe shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan jirage, gangar jikinsu fallen faiba biyu ne, aka manna soso mai tauri na PVC, irin su Divinycell da Airex, a tsakani domin ƙarfi da rashin nauyi.

Shi wannan soso ƙofofinsa a toshe suke. Ba ya shan ruwa kamar na katifa, ba ya kuma ruɓewa kamar itacen balsa. Ruwa yakan shiga ne ta ramukan ƙusoshin da ba a liƙe da kyau ba, ya bi tsagogin da aka yi wa soson don ya lanƙwasu, ya kwanta. A ƙasashen sanyi, idan ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100, ya ɓamɓare faibar daga soson.

Don haka ne masu duba jirage kan ƙwanƙwasa jikin da ƙaramar guduma, su kuma aza na'urar auna danshi. Inda sautin ya mutu, mai yiwuwa sai an yanke an sake soso, kuma a nan mai saye ke neman ragi.