Gyaran Tsofaffin Motoci: Abin Da Ke Bambanta Ƙarfen Jiki Na Kirki Da Na Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin farfaɗo da tsohuwar mota ya san cewa ba inji ne ke cinye kuɗi ba, gangar jiki ce. Ana iya sauke inji a gyara shi cikin mako guda, amma idan tsatsa ta ci daɓen mota da dokin ƙofa, babu magani sai a yanke wurin a maye shi da sabon ƙarfe. A nan ne mai mota ke fuskantar tambayar da dillalan kayan gyara ba su cika son amsawa ba, watau ina aka buga wannan ƙarfe, kuma da wane mazubi.

Tambayar ta shafi Nijeriya kai tsaye. Motar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fito ne a Faransa cikin 1968, aka daina ƙera ƙirarta ta salun a Turai cikin 1983, amma kamfanin PAN, wanda ya soma harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, ya ci gaba da fitar da ita fiye da shekaru 20 bayan haka. Ita kuwa Volkswagen Beetle, wadda aka harhaɗa a Legas daga 1975, an rufe ƙirarta baki ɗaya a Meziko cikin 2003. Yau babu masana'antar da ke ƙera ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka masu neman ƙofa ko bonet ko fenda a kasuwar Ladipo ta Legas, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sun dogara ne ga ragowar tsohuwar ajiya, ko yankan gwanjo, ko kuma na kwaikwayo.

Asalin bambancin yana wurin bugu. Kamfanin da ya ƙera mota kan matse fallen ƙarfe tsakanin tagwayen mazubai masu nauyin tan da yawa, kuma falle ɗaya kan bi ta matakai huɗu ko biyar: a lanƙwasa shi, a datse gefensa, a naɗe bakinsa, a huda ramukansa. Kuɗin sassaƙa waɗannan mazubai yana da yawa ƙwarai, kuma ba ya dawowa sai an buga dubban ɗaruruwa. Mai kwaikwayo kuwa, wanda ƙila 'yan dubbai kawai zai sayar, ba shi da wannan hali. Yakan samo tsohuwar fenda ya auna ta, ya zuba mazubi da ƙarfe mai taushi, sa'an nan ya rage matakan bugu. Idan fendar da ya auna ta taɓa buguwa ko ta ɗan karkace, duk abin da ya fito daga mazubin zai gaji wannan aibi, kuma yayin da mazubin ke cinyewa, layukan jikin motar da ya kamata su fito da kaifi sai su riƙa dusashewa. Shi ya sa akan sami fenda biyu daga kamfani guda, ɗaya ta zauna daidai, ɗaya kuma ta bar giɓin da yatsa zai shiga.

Kaurin ƙarfe shi ne abu na biyu, kuma nan ne aka fi cutar mai saye, domin ido ba ya ganewa. Jikin galibin motoci yana tsakanin milimita 0.7 da milimita 1. Bambancin milimita 0.9 da 0.7 kamar ba kome ba ne, to amma ƙarfin falle wajen jure lanƙwasa yana raguwa fiye da yadda kaurin ke raguwa: falle na biyu bai kai rabin ƙarfin na farko ba, alhali nauyinsa ya ragu ne da ɗan abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 kawai. Irin wannan siririn ƙarfe kan murɗe da zarar ya ji zafin waldar gas, wadda ita ce yawancin masu gyaran jikin mota na bakin hanya ke aiki da ita, daga nan sai a koma ga lafta fila domin ɓoye tudu da kwari. Fila mai kauri kuwa ba ta daɗewa sai ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta dawo.

Ga bonet ko fenda, asarar ta kuɗi ce da kyan gani. Ga dokin ƙofa da daɓe, magana ta zama ta rai. Motar 504 salun ba ta da wani ƙashin baya na daban da aka ɗora jiki a kansa. Jikin ne da kansa ke ɗauke da nauyi. Dokin ƙofar da aka yi da ƙarfe marar kauri, ko aka lulluɓa shi a kan ruɓaɓɓe ba tare da an yanke ba, zai yi kyau a ƙarƙashin fenti, amma ranar haɗari zai naɗe. Motocin bakin teku irin na Legas da Fatakwal, da waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen Turai masu barbaɗa gishiri a hanya lokacin sanyi, su ne suka fi kamuwa da wannan ciwo; na Arewa, saboda bushewar iska, sukan fi tsira.

Ba a ce duk sabon bugu jabu ne ba. A Ingila, kamfanin British Motor Heritage ya adana ainihin mazuban motar MGB, wadda aka daina ƙerawa cikin 1980, ya kuma soma fitar da cikakkiyar gangar jikinta sabuwa daga 1988. A Amurka, kamfanin Ford ya ba da lasisin ƙera sabon jikin tsohuwar Mustang, kuma akwai hukumar CAPA, wadda aka kafa cikin 1987 domin tantance ingancin kayan kwaikwayo, ko da yake ta fi mai da hankali ga motocin zamani. Taiwan, inda ake buga kaso mai yawa na waɗannan kaya, tana fitar da mai kyau da marar kyau, gwargwadon abin da mai oda ya biya.

Tun da aka saki darajar Naira cikin Yunin 2023, kayan da ake shigo da su sun ƙara tsada, abin da ke ingiza masu motoci zuwa ga mafi araha. Sai dai lissafin ba ya ƙarewa a kanti. Fendar da za ta ci wa mai gyara yini biyu yana yanka, yana ƙari, yana sake huda ramuka, ta riga ta cinye rarar da aka yi murnar samu. Sau da yawa yankan gwanjo mai lafiya ya fi ta, muddin an bi shi da maganaɗisu, domin inda fila ta yi kauri maganaɗisu ba ya kamawa.

Kafin a biya, ya kamata a auna kaurin gefen fallen, a kuma goga tsumma mai tina a baƙin shafen da ke jikinsa: idan shafen ya biyo tsumma, fenti ne kawai na kariya a hanya, dole a kankare shi kafin a yi na gaskiya. Haka kuma a ɗaura kowane sashe a jikin motar a duba giɓin ƙofofi tun ba a yi walda ko fenti ba, saboda da wuya dillali ya karɓi kayan da wuta ta taɓa.