Bashin Damina, Biyan Kaka: A Ina Manomin Shanono Zai Rage?

A ƙauyukan Shanono, daga Faruruwa zuwa Kokiya da Alajawa, bashi yana da lokutansa. Yawanci sau biyu ake cin sa a shekara. Na farko da faɗuwar ruwa, sa'ad da ake neman taki da iri da kuɗin huɗa. Na biyu da marka, cikin Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓi kuma ya kwantar da yara. Biya kuwa da kaka ake yin sa. Duk mai ba manomi shawarar tsuke bakin aljihu alhali bai san wannan ba, shawarar ɗan albashi yake ba shi, mutumin da kuɗi ke shigo masa kowane ƙarshen wata. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a dunƙule, kuma a 'yan makonnin nan ne ake yanke yadda shekararsa za ta kasance.

Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya daɗe da bayyana yadda karkarar Kano take: jama'a a cunkushe, gona na jikin gona, gado yana ƙara tsattsaga ta, ba kuma a barin ta ta huta. Irin wannan ƙasa sai da taki kowace shekara. Saboda haka bashin taki ba sakaci ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira, komai na noma ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024. A 2025 kuma sai hatsi ya faɗi a Dawanau da kasuwannin ƙauye, taki bai bi shi ba. Ga hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa ƙauyukan iyaka da Katsina a ƙarshen shekarar, suka mai da kiwo abin fargaba, alhali akuya da tunkiya su ne ajiyar talaka.

Mu je masussuka. An sheƙe dawa, an tara tsaba a kan shimfiɗa, yara na tsintar abin da ya zube. Kafin a ɗinke buhu na farko, ga yaron mai bashi da babur da tiya. Maigida ya ce, "Ka ce wa Alhaji ya ƙara mini haƙuri zuwa bayan kasuwa biyu." Yaro ya ce, "Baba, shi ma dillalin taki ne ya matsa masa." Sai a auna. A ce da marka ya karɓi kuɗin buhu guda, yanzu kuma farashi ya faɗi da rabi, to buhu biyu zai fitar, ko da ba a ɗora masa ko kwabo na ruwa ba. Hatsin nan da ya sayar da araha shi zai dawo yana saye da tsada, tiya-tiya, kafin sabo ya fito.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa mafi talaucin manoma su ne masu sayar da hatsi da kaka, su tafi ƙwadago a gonar wani da damina tasu tana cin ciyawa, daga ƙarshe su jinginar da gonar ko su sayar. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma wanda ya karanta zai ɗauka maƙwabcinsa ake nufi.

To a ina za a rage? Bari in fara da inda bai kamata a taɓa ba. Kada a taɓa tukunya. Gidan da ya koma cin tuwo sau ɗaya don biyan bashi, mai shayarwa da ƙananan yara ne ke biya, kuɗin kuma yakan ɓulla a kemis. Kada a rage taki, don wanda ya hana gona bana ya ci bashin baɗi tun yanzu. Kada a jinkirta kai mai zazzaɓi asibiti. Abin takaici, waɗannan ukun ne aka fi saurin ragewa, domin a cikin gida suke, ba wanda zai gani balle ya yi gori.

Inda kuɗin yake kuwa kowa na gani, shi ya sa ake tsoron taɓawa. Da kaka ake biki. Uban yarinya zai yi gado da katifa da sif da kujeru, uwa ta jera kwanuka da tukwane da ba za a girka komai a cikinsu ba, sannan a bi da gara: buhun shinkafa, mai, taliya, alkaki da nakiya. Gidan ango na can da kayan na-gani-ina-so da akwatunan lefe. 'Yan uwa mata kuma anko. A nan shanun huɗa ke tafiya, a nan ake jinginar da fadama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sharaɗin aure. Sadaki ne wajibi, da waliyyi da shaidu da siga, walima kuma gwargwadon hali.

Akwai kuma bashin da ba a kiran sa bashi, wato gudummawar biki tsakanin mata. Wadda ta kawo miki abu ran bikin 'yarki, ran nata ana sa ran ki mayar da abin da ya fi shi, a wasu wuraren ma ninki. Ban raina wannan al'ada ba. Ita ce ta aurar da 'ya'yan marasa ƙarfi da yawa, kuma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi mata suka riƙe ta. Sai dai idan ninkin ya yi nisa, mace na iya wayar gari akuyarta ta ƙarshe ce za ta fita kunyar ƙawa. Duk lissafin bashin gida da bai sa wannan ba, rabi ne.

Shi ma maigida akwai nasa, kuma adalci shi ne ya fara da kansa kafin ya waiwayi kuɗin cefane. Goro, katin waya, shayi da tsiren ranar kasuwa ƙanana ne, amma kullum ne. Babba a ciki shi ne ƙarin aure a shekarar da amfani ya yi kyau alhali bashin bara na nan. Sai ragon layya da na suna. A mazhabar Malikiyya da muke bi, layya sunna ce ga mai hali, yankan suna abin so ne, biyan bashi kuwa wajibi. Ya zo a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mutumin da ya ci sabon bashi don ya yanka rago, tsohon na wuyansa, kunyar mutane ce ta kai shi.

Kunyar nan kuwa gaskiya ce, kada a raina ta. Uwar da ta kai 'yarta ɗaki ba kujeru ta san abin da dangin miji za su faɗa, kuma yarinyar ce za ta zauna da gorin shekara da shekaru. Don haka gida ɗaya ba zai iya ragewa shi kaɗai ba. Auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 ya nuna hukuma ta san nauyin, amma ba ta da aljihun aurar da jiha. Abin da zai yi aiki shi ne yarjejeniyar gari: hakimi da dagatai da limamai su zauna, tare da manyan mata, don su ne masu jere da duba lefe, a sa iyaka ga gara da akwati da anko. Masu hali su fara bi. In Alhaji ya aurar da 'yarsa da akwati biyu, ya rufa wa unguwa guda asiri.

Sai kuma yadda ake biyan. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ƙauye mai bin ka yawanci ɗan uwa ne ko maƙwabci. Masanin tattalin arziki Christopher Udry, da ya bi diddigin rance a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya tarar kusan duka tsakanin dangi da 'yan gari ɗaya ake yin sa, kuma biya na sassautawa idan masifa ta sami mai ci, ya ƙaru idan mai bayarwa ne ta samu. Wannan dukiya ce da ɗan birni mai cin bashin banki ba shi da ita, kuma abin da ke kashe ta shi ne ɓuya. Wanda ya je da ƙafarsa ya ce, "Yaya, ga rabi, saura sai na sayar da wake," ya bar ƙofa a buɗe. A kuma rubuta, da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta yi umarni. Rigingimun jingina da yawa da ke ƙarewa a gaban alƙali, rashin takarda ce ta kai su.

A fara da bashin da gona ke jingine a kansa, sannan wanda ke ƙaruwa, sannan na mutunci. A biya da gyaɗa da wake da waken suya da riɗi, a bar gero da dawa a rumbu. Wanda zai iya jinkirta sayar da wake ma, buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro kuma ake yi a Kano, yana hana ƙwari ba tare da magani ba. A Nijar ƙungiyoyin manoma sun fi shekara ashirin suna ajiye hatsi a sito guda da kaka, su karɓi rance a kansa, su sayar bayan farashi ya tashi. Akwai shekarun da farashin ba ya tashi, kamar yadda 2025 ta nuna, amma tsarin ya cancanci ƙungiyoyin Shanono da Bagwai da Tsanyawa su gwada, a bisa hanyar da ba riba a ciki.

Da kakar nan kuma ake fitar da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman ruwan sama, ɗaya bisa ashirin ga na ban-ruwa mai wahala, idan amfani ya kai nisabi. Masu bashi suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata. Manyan manoma kan raba tasu tiya-tiya ga duk wanda ya zo ƙofa. Da kwamitin masallaci zai tara wani ɓangare, ya binciko a asirce gidaje biyu ko uku da gonarsu ke hannun wani, ya fanso ta kafin ruwa ya faɗi, da waɗannan gidajen sun shuka tasu a daminar da ke tafe.