Bargon da Ya Kwana Shekara Bakwai a Kwali

(Ƙarar keken ɗinki, ta yi ƙasa a hankali)

Ƙarar da kuka ji ta keken ɗinki ce, amma yau ba shagon tela muka nufa ba. Amurka za mu leƙa, wurin masu ɗinka wani irin bargo da suke kira kwilt. Yawancinsu mata ne, kuma ba da shi suke ci ba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani a nan yake kashe kuɗinsa da yammacinsa a kan tattabaru.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙananan ƙyallaye gida-gida kamar gidajen dara. Akwai auduga a tsakiya, akwai shafi a baya. Sai a bi su duka da ɗinki, a kama su wuri ɗaya, a kalmashe baki. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifida ranar hawan sallah ya riga ya san dabarar, domin lifidi ma haka yake: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a ciki, ɗinki ya riƙe. Bambancin shi ne fuskar bargon nan tana iya cin ƙyalle ɗari biyar, ko dubu, kowanne da gurbinsa.

To a nan gizo ke saƙar. Aikin da ke cin watanni, ba wanda zai zauna ya gama shi a zama ɗaya. Za a yi haihuwa, za a yi jinya, za a tashi daga gida. Sai mace ta dawo wa aikinta bayan shekara biyu ta tarar da tulin 'yan ƙyallaye masu kusurwa uku, ta rasa wanne ne na sama wanne ne na ƙasa, takardar zanen kuma ta yi ɓatan dabo. Irin wannan aiki da aka fara aka yasar har suna suka raɗa masa, UFO, wato sunan da ake kiran abubuwan nan da ake cewa ana gani suna shawagi a sararin sama ba a san ko mene ne ba. Raha ce suke yi wa kansu, amma da ƙyar za ka sami mai wannan sha'awa da ba ta da ko ɗaya a ƙarƙashin gado.

Ni dai ba ni da bakin yi musu dariya. Akwai wata hula da mahaifiyata ta fara ɗinka mini ina aji uku a sakandare. Rannan na gan ta a ƙasan kwalla, allura na nan soke a inda ta tsaya, har ta yi tsatsa ta ɓata yadin.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu buɗe kwali ɗaya na mai tsari, mu ga abin da ke ciki. Sau da yawa akwatin roba ne mai faɗi wanda ake ganin ciki, wasu kuma sabon kwalin fiza suke samu, domin faɗinsa ya yi daidai da gida mai inci goma sha biyu, ya kwanta ba tare da ya yamutse ba. A sama akwai takardar zane. Ƙarƙashinta gidajen da aka gama, an goge su, an jera. Sai ƙananan ledoji, kowace da lambarta a jiki, a ciki ƙyallayen da aka yanka ba a haɗa ba. Sai ragowar yadin, an ninke an ajiye tare, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanonin yadi suna fitar da zane ne na ɗan lokaci, su daina. Wadda ta ɗebi rabin yadi daga kwalin nan ta yi wani abu da shi, bayan shekara uku ko ta zagaye kantunan garin ba lallai ta sami irinsa ba. Duk matar da ta taɓa neman cikon atamfar anko bayan biki ya wuce ta san wannan ciwon kai.

Amma abin da ya fi komai daraja a kwalin shi ne 'yar guntuwar takarda da mai aikin ta rubuta wa kanta: na tsaya a layi na huɗu, zare toka-toka, da keke kaza na fara. Me ya kawo maganar keke? Ƙa'idarsu ita ce kowane haɗi a bar rubu'in inci. Idan keken da aka ƙarasa da shi ya saɓa da na farko ko da kaurin zare biyu ne, kuskuren zai yi ta taruwa haɗi bayan haɗi, sai an zo gama layuka a ga wannan ya fi wancan tsawo, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Daga nan sai farke.

Wasu suna manna farin yadi mai gashi-gashi a bango, wanda ƙyalle ke kamawa ba sai da fil ba. A nan ake jera gidajen, a ja da baya a duba, a sauya wannan da wancan. Idan jeri ya yi, sai a ɗauki hoto da waya kafin yaro ko kyanwa su yi nasu tsarin.

Sai maganar tarin yadi, wadda ita kaɗai shiri ce guda. Ana sayar musu da shi a 'yan gutsattsari, mafi shahara mai inci 18 da 22, ko kuma nadi na tsiri arba'in masu faɗin inci biyu da rabi. Abu ne mai sauƙin saye, mai wuyar ƙarewa. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai zagaye kamar taya, wadda ke yanka yadi ninki huɗu a ja ɗaya. Yankan da ake kwana biyu ana yi da almakashi ya koma aikin yamma guda. A ganina tun daga nan yanka ya tsere wa ɗinki, kwalaye suka fara yawa. Wata fitacciya a cikin masu ɗinkin bargon, Bonnie Hunter, ta yi suna da koyar da yadda ake yanka ragowar ƙyalle nan take zuwa ƙayyadaddun awo, a ware su, ta yadda in an tashi sabon aiki rabin wahalar ta wuce.

Inda aiki ya fi maƙalewa kuwa shi ne bayan an gama fuska. Daɗin ya ƙare, saura rarrafe a ƙasa ana shimfiɗa hawa uku ana soka fil ɗaruruwa, baya na ciwo. Mai hali sai ta kai wa masu babban keke, ta biya gwargwadon faɗin bargon. Ƙungiyoyin masu ɗinkin bargon kuma suna da wata dabara mai kama da ƙuri'ar adashe: a farkon shekara kowa ta rubuta ayyukanta goma sha biyu da ta yasar, ta ba su lamba, kowane wata a zaro lamba ɗaya, wanda ta faɗa a kansa shi za a tasa gaba. Kunyar zuwa taro hannu rabbana tana gama bargo fiye da kowane littafin tsari.

(Kiɗa)

A gidan tarihi na Bennington da ke jihar Vermont akwai wani bargo da wata mata, Jane Stickle, ta gama a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Gidaje 169 ne a tsakiyarsa, layi goma sha uku sau goma sha uku, kusan kowanne da zanensa daban. A kusurwa ta ɗinka sunanta da shekarar, da adadin ƙyallayen da ta haɗa: 5,602. Ku ji fa, ta ƙirga. Bayan Brenda Papadakis ta fitar da littafin zanen gidajen a 1996, mata a ƙasashe da dama suka ɗauki aniyar kwaikwayonsa. Layukan an ba su haruffa daga A zuwa M, kowa da taswirarta a bango, ta gama gida ta shafe gurbinsa da launi. Wasu shekaru suke yi a kai.

Sai dai kada mu tafi da tunanin cewa sai da akwatunan roba ake bargo. A Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, jikokin bayi, mata sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin wandunan gona da buhunan da suka samu, saboda gidajen katako ne kuma sanyi ba ya jira. Kowace ta haɗa fuskarta ita kaɗai, in an zo kama hawa uku sai maƙwabta su taru, gayya sosai. A 2002 aka rataye bargunansu a gidan zane na Houston, daga nan Whitney a New York, a 2006 kuma suka hau kan tamburan gidan waya na Amurka. Su hunturu ne ya tsara musu aiki. Mai ɗinkin sha'awa ba ta da wannan bulala, shi ya sa take neman lamba da ƙuri'a da takarda. Wani lokaci ma tsarin kan zama nasa abin sha'awar, a wuni ana jera yadi launi-launi a kanta, keke na can a rufe.

Aiki na ƙarshe shi ne ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a bayan bargo, da sunan mai shi da garinsu da shekara. Akan rubuta shekara biyu, ta farawa da ta gamawa, kuma ba a cika son a tambayi abin da ya faru a tsakani ba.

Ni ma na ciro hular nan daga kwalla, na zare tsohuwar allurar. Tana wurin ƙanwata yanzu, ta ce in ba ta zuwa babbar sallah. Ba ta dai faɗi ta wace shekara ba.

A nan za mu dakata.

(Ƙarar keken ɗinki)