Hanyar Yakubu da Masu Zaure

A arewacin ƙasar Sifaniya akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Hanyar Yakubu. Mutane sukan taka ta da ƙafa, jaka a baya, sanda a hannu, har su kai birnin Santiyago, inda aka ce an binne manzo Yakubu ɗan Zabadi. Reshen da aka fi bi yana tashi daga gindin duwatsun iyakar Faransa, tsawonsa kusan kilomita 800. Wannan ya zarce nisan Kano zuwa Maiduguri. Mai ƙarfin ƙafa yakan yi wata guda ko sati biyar. A shekarar 2023 mutum fiye da 400,000 suka karɓi takardar shaidar isa, wadda ake ba duk wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe.

Littafin Ayyukan Manzanni sura 12 ya gaya mana Hirudus ya kashe Yakubu da takobi a Urushalima, bai kuwa ce ya taɓa zuwa Sifaniya ba. Sai a ƙarni na 9 aka fara cewa an ga kabarinsa a can. Mun kuma sani ceto ba ladan ƙafa ba ne. To, amma ni ba kabarin ne ya ja hankalina ba, mutanen bakin hanyar ne.

Tsakanin Burgos da Leyon hanyar tana ratsa fili fetal, gonakin alkama iyakar ganinka, inuwa sai jefi-jefi. Mutumin Bichi ko Ɗambatta da ya taɓa yin tafiyar rani bayan an cire amfanin gona ya san irin wannan rana. Abin da ke raba matafiyi da halaka shi ne, kusan kowane ƙauye yana da masauki. Wasu na coci ne, wasu na hukumar gari. A waɗansu ba a yanka kuɗi, abin da ka ga dama za ka jefa a akwati, a ba ka gado, ku ci abincin dare tare. Kowane matafiyi yana riƙe da ɗan kati, a buga masa hatimi duk inda ya sauka.

Ba sarakuna kaɗai suka raya hanyar ba. A ƙarni na 11 wani mutum mai suna Domingo ya share daji, ya gina gada da masauki, har yau garin yana amsa sunansa. A 1984 kuma, bayan hanyar ta kusa ɓata, wani limamin cocin ƙauye, Eliyas Baliña, ya bi ta da gwangwanin fenti yana zana kibiya ruwan ɗorawa a jikin dutse da bango. Kibiyoyin nan ake bi har yanzu.

Mu ma a ƙasar Kano ba baƙin irin wannan ba ne. Kafin jirgin sama, maƙwabtanmu Musulmi da ƙafa suke zuwa Makka: daga Kano su bi Borno, Wadai, Darfur, har gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun tsaya aikin auduga a Jazira ta Sudan don neman guzuri, da yawa ba su dawo ba, jikokinsu suna can. Wa ya ciyar da su a farkon tafiya? Manoma ne irinmu, masu rumbu ɗaya da zaure ɗaya. Dattawa suna tuna lokacin da ba a rasa randa da moɗa a gindin tsamiyar bakin hanya, kuma baƙon da magariba ta riske shi ba a tambayarsa addininsa kafin a dama masa fura. Masu bishara na farko da suka shigo ƙauyukanmu a ƙafa ko a keke, a irin zaurukan nan suka kwana.

Yau fa? Sababbin gidaje da yawa ba su da zaure, sai ƙyauren ƙarfe. Ban ga laifin kowa ba, gama satar mutane da ɓarayin shanu sun sa zuciya ta yi nauyi, uban da ya kulle ƙofa yana tsaron iyalinsa ne. Amma har yanzu ana tafiyar ƙafa: mata masu zuwa taron zumunta, 'yan cin rani, ɗalibin da kuɗin mota ya ƙare masa.

Dabarar katin nan ta mutanen Sifaniya ta dace da mu, domin takan sa mai masauki ya san daga ina baƙo ya fito. Fasto ko mai unguwa yana iya ba matafiyi 'yar takarda da hatimi. Ikkilisiya ta ware aji ɗaya na makaranta, da tabarmi huɗu, da randa, da littafin rubuta sunan baƙi, a kuma sanar da mai unguwa duk daren da wani ya sauka. Abinci kuwa a raba shi gida-gida, kowane gida sati guda, kamar yadda ake raba sharar coci.