Bambance Ciwon Kuloci da Ciwon Giya: Misalin Porsche 911

A wannan ƴar takarda za mu nuna cewa ƙin shigar giya ba ciwo ɗaya ba ne. Mun ɗauki misalin Porsche 911 mai akwatin giya samfurin 915, wanda aka yi amfani da shi daga 1972 zuwa 1986. Injin wannan mota a baya yake, kuma sai an sauke shi kafin a kai ga kuloci. Saboda haka kuskuren bincike yana da tsada.

Na farko, sulɓin kuloci. In faifan ya cinye, ba ya riƙe ƙarfin inji. Direba ya taka totur a giya ta 4, inji ya yi ta ruri, amma gudun mota bai ƙaru ba. Wani lokaci a ji ƙauri.

Na biyu, kulocin da ba ya saki duka. A nan giya takan shiga lami lafiya in inji yana kashe, ta ƙi shiga da an tayar da shi, musamman ta 1 da ta baya. A samfurin 915 waya ce take jan kuloci, don haka ita ake fara dubawa a daidaita.

Na uku, zoben da yake daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu. In giya ɗaya tak take gurnani, galibi ta 2, kuma gurnanin ya ragu in an taka kuloci sau biyu, to laifin na zobe ne. Sabon faifai ba zai magance shi ba.

Na huɗu, robobin doguwar sandar da ta haɗa hannun giya da akwati. In sun lalace, hannu yakan yi lako-lako, direba ya nufi ta 4 ya faɗa ta 2. Wannan ya fi haɗari: ƙafafun mota ne suke tilasta wa inji juyin da ya wuce kima, har fistin ya bugi bawul.

A 1987 kamfanin ya koma akwatin G50 da kuloci mai aiki da mai, amma tsarin binciken bai sake ba: a fara da robobi da daidaita kuloci, sauke inji ya zo daga ƙarshe.